Layi na Goma

Jabbi, ɗan ƙanwata, ya sauka daga Ingila,
hutun mako biyu, jaka ɗaya a kafaɗa,
da takarda mai layi tara a aljihu:
wuraren da zai gani kafin ya koma.
Hausarsa kamar tuwon da bai ji wuta ba,
akwai gari, babu danƙo.

Na ce, "Shekara hamsin da bakwai ina Sakkwato,
mi za a gwada mani a garin ga?"
Ya karanto layi na uku, na yi tari.
Ya karanto na huɗu, na ce mota na son mai.
Ashe gidan tarihin da nake giftawa kullum,
ban san launin bangonsa na ciki ba.

Hubbare muka fara, takalma a hannu.
Ƙasa ta gasa masa tafin sawu,
ya yi ta rawar da babu makaɗi,
sai a inuwa ya natsu, ya buɗe tafukansa.
Addu'arsa dai ba ta yi tuntuɓe ba.

A majema ya toshe hanci, can ya saki.
Jar fatar akuya na shan iska bisa igiya,
ruwan bagaruwa ya rine hannun mai jima har gwiwa.
Ya ce ya ga irinta can, a bayan gilashi,
da kuɗin da za su sayi akuyar, da uwarta,
har a rage na dusa.

A hanya yake ba ni labarin hutunsu:
tudu kore shar, tumaki kamar an zubar da auduga,
yayyafin da ba ya jin gajiya,
da wasu duwatsu a tsaye tsakiyar fili
da ake bin layi, a biya, a kalla.
Na yi dariya har sitiyari ya karkace.
A biya kuɗi a kalli dutse!
Sai ga ni a Goronyo, hula a hannu,
na saki baki ina kallon ruwa,
shi ke jan rigata, wai Kawu, rana na yi.

Bayan Wurno, inda warin albasa ke tarbar baƙo
tun kafin mutanen gari su yi masa maraba,
tsohuwar fijo ta yi atishawa biyu, ta kwanta.
Wayarsa ma ta mutu.
Muka taka zuwa wata tsangaya gindin gawo,
inda wata tsohuwa ke dama hura,
ludayi na zagaya ƙwarya ba gaggawa.

Ya gaishe ta da guntuwar Hausarsa, ya yi murmushi.
Ludayi ya tsaya.
Ta ce, "Wushiryag ga na san ta.
Ta gidan Ladan mai jirgi ta.
Shi ka ƙetare da mu Rima in gulbi ya kawo,
bai taɓa amsar ko kwabo ga mai goyo ba."

Ladan ubana ne.
Ban san ya bar bashi a wannan gefen ba,
irin wanda ake biya da nono mai sanyi.
Jabbi ya miƙa kuɗi, ta ture da bayan hannu.
Ya laluba aljihu don ya ɗauki hoto,
ya tuna, ya zauna,
ya sha har ya ga gindin ƙwarya.

Da dare, a tsakar gida, ya soke layi tara ɗaya bayan ɗaya.
Ya ari birona, ya rubuta goma.
"Kawu, yaya sunan ƙauyen nan?"
Na buɗe baki.
Ni ma ban tambaya ba.