Motar da Ba Ta Tari

Shekara talatin da biyu ina sauraron ƙarfe
ƙarƙashin darbejiyar nan ta bayan tashar Illela.
Maigidana Arzika, Allah ya jiƙan rai,
bai koya mini da baki ba.
Kunnena ya kama, ya manna shi a ƙotar sukundireba,
ya ce: ji.
Na ji fulogi yana tsallake numfashi,
na ji bawul yana kaɗa haƙori kamar mai masassara.
Tun daga ranar, Fijo ba ta taɓa yi mini ƙarya ba.

Mun ga zamani.
Motocin Kwatano suna shigowa ta Ƙwanni da asuba,
da rasit ɗin wani Bature a aljihun ƙofa
da gashin karensa a kujerar baya.
Abin da sunka gaji da shi can
shi muke wankewa nan, a yi addu'a, a raba goro.
Malamin firamare ya ci bashin shekara uku
don kawai ya danna oda a ƙofar surukai.

Sai Larabar nan da ta wuce,
rana ta take, kwalta tana riƙe takalmi,
ɗan Alhaji Labbo ya tsaya a bayana
ban ji zuwansa ba.
Akuyar Inno ma ba ta ɗaga kai daga ɓawon kankana ba.
Fara ce, 'yar Sin, ba salansa, ba hayaƙi.
Ya ce wata fitila ce ke ƙifta masa ido.
Na ɗaga gaba don in gaida inji,
na tarar da buta, da darduma, da ledar kilishi.
Duk da haka na kai kunne.
Shiru,
irin shirun gidan da anka tashi.

Jabbi, yaron da nake aike sayen kunu,
ya zaro waya, ya soka mata igiya ƙarƙashin sitiyari,
suka yi ƙus-ƙus da harshen da ban iya ba.
Kafin shayina ya huce fitila ta mutu.
Shi anka miƙa wa kuɗin.
Ya kawo mini da hannu biyu, yana kallon ƙasa.

Da dare na kira Kulu, autata,
wadda nake yi wa adashen mota tun tana aji uku,
na ce: wane launi kike so?
Ta yi dariya har mayafi ya zame.
Baba, mota ciki ce, kullum sai an ba ta.
In zan je Mabera sai in danna waya,
mai ita ya zo, in sauka, ya tafi da wahalarsa.
Makullin da na yi mafarkin sa mata a tafi
ashe a idonta turke ne.

Na kwanta a tsakar gida ban yi barci ba.
Wai ranar Sakkwato, wadda muke tsinewa tun kakanni,
ita ake tarawa a rufin kwano yanzu,
ita ce fetur ɗin gobe.
To, madalla. Amma ko daga ina ta zo
ƙafa huɗu gare ta,
ramukan hanyar Wurno kuwa ba su jin Sinanci.
Za ta dawo da ciwon gwiwa. Ina nan.

Da safe na riga kowa zuwa.
Na share gindin darbejiya, na jera sifanu kamar kullum.
Da Jabbi ya iso na ce: zauna nan, nuna mini.
Ya kama yatsana, ya ɗora a gilashin wayar.
Ta ƙi ji.
Baƙin mai na shekara talatin ya shiga tsakani.
Ya ce, a hankali, kada yara su ji:
Maigida, sai ka wanke hannu.