Mai Rubuta Bayanin Taro

Shekara bakwai ina ƙarshen tebur da biro,
ni ce mai rubuta abin da manya suka ce.
"Za a gina," na rubuta.
"Za a sake zama," na ƙara a ƙasansa.

Filin da aka ba mu fadama ce a bakin tafkin Ikko,
inda ƙaguwa ke leƙowa kallon masu awo.
Injiniya Nkiruka ta soka sanda, sanda ta nutse,
ta ce ƙasar nan sai an lallashe ta da turaku arba'in
kafin ta yarda ta goyi bulo ɗaya.

Farfesa Oyelaran na son zaure mai kujera dubu.
Ma'aji na son ɗari uku, ban da labule.
Tsakaninsu shayi ya huce,
siminti ya ƙara kuɗi kafin a shafa addu'a.

Ginin kwali na ofishina, cikin gilashi,
da mutanensa mitsi-mitsi da ba sa gumi,
ba su taɓa rataye a ƙofar motar Oshodi ba.
Gizo-gizo ya yi saƙa a dandalinsa,
shi ne gwanin farko da ya baje koli.

Ɗalibai kuwa ba su jira mu ba.
Gindin mangwaro, bayan ɗakin karatu,
Temilade na koya wa ƙafafu juyi,
ruwan Yuni ya kore su, ya ɗauke, su dawo.
Sabi'u, ɗan maƙwabtanmu a Agege,
na rina zane a bokitin fenti,
ya tafi aji da hannu shuɗi har gwiwa
don babu inda zai wanke.

Sau ɗaya tak na ɗaga yatsa.
Na ce a sa famfo a bayan ginin,
ƙasa-ƙasa, inda mai rini zai durƙusa.
Aka yi dariya, aka wuce batun rufi.
Ni kuwa biro na hannuna.
Na rubuta: "An amince."

Bana injin ya iso.
Duk turken da ya buga, kofina sai ya yi rawa a kan faranti,
tafki ya yamutsa fuska, balbelu su tashi.
Jiya na warware taswira ta goma sha ɗaya,
na wuce zaure, na wuce matakala,
na bi bangon baya da farce
har na same shi:
ɗigo guda, shuɗi,
bai kai ƙwayar gero ba.