Zoben da Bai Iso Ba

Sunana Daeng Tompo, saje ne ni,
makanikin jiragen yaƙi a bakin tekun Sulawesi.
Shekara ashirin da shida hannuna cikin baƙin mai,
har matata ta daina tambayar
dalilin da farcena bai taɓa yin fari ba.

Jirgi shida ke rumfata.
Biyu na tashi. Huɗu na kwance,
sun lulluɓa da tamfol kamar masu masassara.
Ba harsashi ne ya kayar da su ba,
ba su ma taɓa ganin abokin gaba ba.

Zobe ne. Zoben roba,
faɗinsa bai kai bakin kofin shayi ba.
Shi ke riƙe mai a jijiyar fiffike.
Ana yin sa a wani gari mai ƙanƙara
da harshena bai iya kiran sunansa ba.

Na cike takarda a watan azumi.
Takarda ta je babban birni, ta haye teku,
ta zauna a teburin wani mutum
wanda ministansu ya yi fushi da namu
kan wata ƙuri'a da aka kaɗa a wani zaure.
Azumi ya sake zagayowa.
Zobe bai iso ba.

Sai muka koma fawa.
Muka farke cikin Lamba Bakwai muna ciyar da Lamba Uku:
yau famfo, gobe waya, jibi idon da ke gani cikin dare.
Yanzu Bakwai ƙashi ne da fenti.
Tsattsewa ta yi sheƙa a hancinsa, ta ƙyanƙyashe huɗu.
Su kaɗai suka tashi daga jikinsa bana,
ni kuwa ban kore su ba.

Ranar faretin ƙasa
jirage biyu suka wuce, suka ɓuya bayan dutse,
suka dawo, suka sake dawowa.
Jama'a suka ƙirga shida, aka yi ta tafi.
Jikata a kafaɗata ta ce, "Kaka, duk naka ne?"
Na saya mata ruwan kwakwa,
ban amsa ba.

Wana a Bulukumba jirgin ruwa yake sassaƙawa.
Katako daga dajinmu, ƙusar ma ta itace ce,
ba takarda, ba hatimi, ba jiran kowa.
Ya ce, "Tompo, guntun gatarinka..."
Na ce, "Na sani. Kada ka ƙarasa."
Jirginsa ba ya tsaga sama,
amma bai taɓa roƙon izinin wani kafin ya shiga ruwa ba.

Wani dare barci ya ƙi.
Na samo roba wurin mai gyaran injin masunta,
na yanka, na goge, na auna sau goma sha ɗaya.
Ya zauna daram, kamar a nan aka haife shi.
Na tsaya ina kallonsa, ruwan sama na dukan kwano.
Sai na tuna Kyaftin Rantetoding,
yadda yake shafa hoton 'yarsa kafin ya rufe gilashi,
yadda yake ɗaga mini babban yatsa
bai ko leƙa abin da na ɗaura ba.
Robata ta san zafin kasuwa,
ba ta san sanyin da ke bisa gajimare ba.

Na cire shi.

Yana aljihuna har yau, tare da makullin babur.
Kullum da safe nakan zaga huɗun nan, in ɗaga tamfol,
in share gishirin da iskar teku ta kawo,
in murza tayoyi kada su mutu ta gefe guda.
An ce akwati na hanya. Bara ma haka aka ce.
Mun sayi takobi, da kube da kaifi da komai,
ashe mariƙin na hannun maƙeri,
bai kuma ce zai saki ba.