Keken da Ba Ya Barin Ɗaki

Ƙarfe huɗu da rabi waya ta yi ƙara,
bargo ya riƙe ni riƙon mai bin bashi.
Na zuro ƙafa ɗaya, siminti ya cije ta,
ta koma tana ba 'yar'uwarta labari.
Na ce: Sada, tashi,
ɗari bai taɓa jiran kowa ya shirya ba.

A ɗakin ajiya keken yake,
tsakanin buhun gero da mataccen injin markaɗe.
Rabe mai walda na Ƙofar Marusa
ya ƙera masa ƙafafu da guntun ƙarfen gado,
ya ɗage tayar baya taƙi ɗaya daga ƙasa,
ya karɓi kuɗinsa yana girgiza kai:
"Shekara talatin ina gyaran abin hawa don ya tafi,
ban taɓa ɗaure wani don ya tsaya ba."

Na ce masa gasa uku ce a ƙunshe guda,
iyo, sai keke, sai gudu, babu zama a tsakani.
Saura wata huɗu.
Ruwan Ajiwa yanzu aska ne,
na tsoma hannu ran Asabar, na ji shi har haƙori.
Iyo dai sai zafi ya dawo,
cinya ce ba ta san jira ba.

Minti goma na farko duk ƙarya ne.
Gwiwa ta ce ta tsufa, ƙugu ya ba ta shaida,
zuciya ta buɗe littafin lissafi:
shekara arba'in da uku, kuɗin makaranta,
ga kantin magani yana jira ƙarfe takwas.
Ina jin su. Ina taka feda.
A bangon gabana fenti ya ɓare wuri guda,
nan nake ganin hanyar Mani, nan nake wuce Shinkafi,
na je Daura na dawo a jikin bangon nan,
tsakar da ke kusurwa ko motsi ba ta yi ba.

Makon jiya na saki.
Kwana uku, Murja ta shanya zanen gado a ƙahonsa,
na gani, na kau da kai,
kuma ba zan ce ban ji daɗi ba.

Sai asubar Alhamis aka ɗauke wuta, tocila ta mutu.
Raliya ta tsaya bakin ƙofa cikin rigar sanyin uwarta,
littafi a ƙirji, jarrabawa ƙarfe tara.
"Baba, keken nan ba shi da fitila?"
Na kara 'yar kwalbar a jikin taya, na hau, na murza.
Haske ya fito ja, ya yi rawaya, ya faɗa kan takarda.
In na sassauta sai lambobi su nutse,
"Baba ƙara, uku bisa huɗu ta ɓace!"
Na ƙara. Zufa ta keto a tsakiyar sanyi,
sarƙa tana kuka, yarinya tana raba goma sha biyu gida uku,
gwiwar nan mai yawan ƙorafi
ranar ba ta ce uffan ba.

Sittin da takwas ta ci. Ta ce rabi nawa ne.
Yanzu ko da wuta sai ta kashe ƙwai,
ta ja tabarma gaban taya, ta buɗe shafi.
Malam Mannir ta katanga yana tambaya:
"Yau wane gari aka kai?"
In ce masa: shafi na arba'in.

Ladan ya kira, na sauko ƙafa na rawa,
takalmina suna nan inda na tuɓe su.
Gasar, wa ya sani, ƙila in zo na ƙarshe.
Na ɗebi ruwan alwala,
yau bai cije ni ba.