Inda Shiru Ke Kwana

Babban cocin Porto ya fi ƙarfina yanzu.
Baƙi sun cika shi, wayoyi a sama,
kowa na ɗaukar hoton zinariyar bagade.
Na durƙusa da carbina a hannu,
sai wani ya dafa ni, wai in ɗan matsa,
ina tare masa gicciye.
Na matsa. Na yi ta matsawa har na tsinci kaina a titi.

Tun ranar na shiga farautar shiru,
ni Graciete, mai gasa burodi da dare,
wadda ke tashi aiki sa'ad da gari ke miƙa.

Na gwada lambun da ke kallon kogin Douro,
kujerar dutse a gindin lemo.
Na kai ƙwaya ta bakwai ke nan
tsuntsayen teku suka kafa kasuwa a kaina,
suna rigima kan ɓawon burodin da ke aljihuna.
Dariya ta ƙwace min, addu'a ta zube,
ban iya tsince ta ba.

Na gwada maƙabarta, gefen Tomé mijina.
Shiru kam akwai, har ya yi yawa.
Sai dai can ba da Ubangiji nake magana ba,
Tomé nake yi wa mita:
rufin da ke yoyo,
ɗanmu na Faransa da bai kira ba tun Ista.

Na gwada ɗan ɗakin addu'a na asibiti,
hawa na uku, bayan wurin wanki.
Kyandir na lantarki, warin magani,
wata mata na kuka ba sauti.
Na riƙe mata hannu, ban san sunanta ba.
Wurin nata ne ranar.

Sista Benilde ce, tana cire ciyawa cikin kabeji,
ko ɗagowa ba ta yi ba:
“Da ɗan gari akan ci gari.
Sauka bakin ruwa, ki nemi Albano.”

Tsohon masunci ne, teku ya ci yatsunsa biyu.
Makulli na wuyansa, ɗaure da zaren taru.
Bai tambaye ni daga ina ba, bai tambayi me ya kawo ni ba.
Cewa ya yi, “Ƙofar na da taurin kai,
ɗaga ta kafin ki tura.”

Benci huɗu.
Bango yana zufar gishiri.
Ƙananan jiragen katako na reto daga rufi,
godiyar waɗanda ruwa ya mayar wa matansu.
Maryamu na kusurwa, fentin hancinta ya ɓare,
furen shekaranjiya a kwalbar man zaitun.

In faɗi gaskiya, ba shiru ba ne can.
Igiyar ruwa na dukan dutse ba hutu,
jirgin titi na wucewa da ƙararrawarsa,
Albano na tari a bakin ƙofa.
Amma babu ƙarar da ke neman wani abu a wurina.
Kowace ta zo, ta gaida bagade, ta wuce.

Na fara, “A gaishe ki Maryamu,”
garin fulawa na bin ƙwayoyin carbi,
ɗaya fari, ta biyu fara,
har kalmomi suka gaji suka zauna kusa da ni.
Muka yi zugum, ni da Shi,
kamar tsofaffin maƙwabta a kan dakali ɗaya.

Ran Talata barci ya sace ni a benci na biyu.
Na farka rana ta kai gwiwar Maryamu,
kunya ta rufe ni.
Albano na gyaran taru, ya ce,
“’Yar da ta yi barci a ɗakin ubanta
wa zai kai ta ƙara?”

Yanzu kullum asuba ina ajiye masa burodi mai zafi
a kan taga, cikin takarda.
Bai taɓa cewa ya gode ba.
Ƙofar dai nakan same ta a ɗage.