Cikin Riga

Ƙarfe uku na dare, unguwar Sabil ta yi tsit,
Jidda duk ta kwanta,
sai gurnanin na'urar sanyi a tagar maƙwabta
da kekena yana cin bakin abaya ta goma sha ɗaya.
Waya ta yi ƙara a kan tulin ƙyallaye.

Imel ne. Koren tambari, takubba biyu da dabino.
Ɗan Larabcin da na tsinta a kasuwar Bab Sharif
ya ishe ni gane maganar:
"An dakatar da igamarki.
Saura awa ashirin da huɗu.
Danna nan, ki cika lambobin katinki."

Gabana ya faɗi.
Shekara tara ina lallaɓa takardar nan kamar ƙwai.
Da ita nake tsallaka titi,
da ita nake haɗiye yawu in ci gaba da tafiya
idan na hango motar jawazat.
Yatsana ya riga hankalina isa wurin.

Ba wayo ne ya tsayar da ni ba.
Isyaku ne, mai tuƙa tankar ruwa,
yadda na same shi watan jiya a bakin matakala,
hula a gwiwa, ido a ƙasa.
Wani mai taushin murya ya kira shi, wai daga banki:
"Lamba shida za ta shigo, karanto mini."
Ya karanta masa tiryan-tiryan,
har da "Allah ya saka da alheri."
Riyal dubu huɗu da ɗari biyu,
kuɗin kwanon rufin ɗakin gyatumarsa a Gumel,
suka tashi tun shayinsa bai huce ba.

Na janye hannun, na danne shi a cinya.

Inna Lantana, wadda ta ɗora ƙafata a kan keke,
takan ce: kada ki yabi riga ta fuska.
Juya ta.
Cikinta ne ba ya ƙarya.

Sai na juya wasiƙar.
Na taɓa sunan mai aikowa, adireshin ya fito tsirara:
harafi ɗaya ya ƙaru a tsakiya
kamar inda zare ya yi tsalle,
wutsiyarsa kuma ba ta gidan gwamnati ba ce.
Ba su ce Hansatu ba. Wai "ya ke mai daraja."
Hukumar da ta ɗauki zanen yatsuna goma,
yau ce ta manta sunana?
Me ya haɗa igama da lamba ukun bayan kati?
Ga kuma wannan sauri-sauri.
Mai gaskiya yakan bar ka ka sha ruwa,
ka tambayi na kusa.
Ɓarawo ne ke magana ƙafa ɗaya a waje.

Ban danna ba.
Ban kuma yi barci ba, ba zan ɓoye muku ba.
Sau biyu ina farke hannun abaya,
na ɗinka shi a baibai.
"In fa gaskiya ce?" ta zauna mini a wuya
har ladan ya kira asuba.

Da hantsi Mish'al, ɗan uwar ɗakina,
ya shiga shafin hukuma ta ƙofar da ya sani,
da hannunsa, harafi bayan harafi,
ba ta tagar da aka buɗe mini ba.
Wata bakwai da kwana goma sha biyu
suka rage mini, lafiya lau.
Ya ce in goge.

Ban goge nan take ba.
Na sauka matakala na kai wa Isyaku,
yana ɗaure tiyo a bayan tanka.
Ya shafe jiƙaƙƙen hannunsa a wando,
ya karɓa, ya daɗe yana kallon tambarin,
takubban nan, dabinon nan.

"Sun iya ɗinki," ya ce.

Na ce, "Ta fuska."