Goma Sha Bakwai

Shekara talatin da ɗaya ina share gashi da tsintsiya
a shagona da ke gindin tudu, a Valparaíso,
baƙi da fari, na matuƙan jirgin ruwa da na 'yan makaranta,
in tara, in juye a kwandon shara.
Ban taɓa ƙirga ko ɗaya ba.

Sai ranar da wuta ta gangaro daga dajin turare,
iska na kora ta gida-gida.
Ximena ta koma ciki ɗauko akwatin takardunmu.
Akwatin ya fito, ita ma ta fito.
Gashinta ne bai fito ba.

Likitoci sun yi nasu, suka yanko fata daga cinya
suka rufe kan.
Ta kama, ta warke, sumul kamar bayan cokali,
ba gumi, ba tsiro, ba ta ko jin tafin hannuna.
Shekara huɗu tana kwana da ɗankwali,
ni kuwa, mai aski, nakan ɓoye mataji kafin in shiga gida
kamar wanda ya yi sata.

Likita Quezada, 'yar siririya mai cizon biro,
ita ta kira mu Santiago.
Ta ɗebi ɗan abu a bayan kunne, bai kai ƙwayar shinkafa ba,
daga wurin da wuta ta yi mantuwa.
Ta ce akwai ƙwayoyin da ake mayarwa farko,
ba su zama fata ba, ba su zama gashi ba,
kamar yaron da ba a sa shi sana'a ba tukuna,
abin da aka koya masa shi zai zama.
Na ce, wa ke koya musu?
Ta ce, ni, da haƙuri, da wani ruwa ja-ja
da nake canja musu har ranar Lahadi.

Wata biyar fatar matata tana girma a wani gari,
cikin farantin gilashi, a akwati mai ɗumin jiki,
mu muna nan muna soya kifi, muna faɗa kan kuɗin haya.
Sau ɗaya aka nuna mana ta madubin ƙara girma.
Ximena ta leƙa, ta daɗe, ta ɗago:
Wannan ni ce? Ko gaishe ni ba ta yi ba.

Aka dasa. Faɗinsa bai wuce tafin jariri ba.
An ce mana babu alkawari,
wani dashen yakan kama, wani yakan bushe.
Mun sa hannu a takarda.
Sati shida, shiru.
Sati tara, shiru.
Na daina tambaya, ita ma ta daina jiran in tambaya.

Wata asuba, jirgi na busa a tashar ruwa,
ta kama yatsana ta ɗora a kanta.
Evaristo, kai ne masani, kar ka lallashe ni.
Kaushi.
Ɗan kaushi, irin na haɓar yaron da ya fara ƙosawa.
Na kunna fitila, na lalubo tabarau, na ƙirga.
Goma sha bakwai. Na sake. Goma sha bakwai.
Ba su jeru ba, uku sun karkace sun nufi kunne,
ɗaya fari ne fat, ya fito da tsufansa.

Ba za su isa kitso ba.
Likita ta ce ƙila su ƙaru, ƙila su zube.
Ɗankwalin na nan, da shi take zuwa kasuwa.
Amma jiya, bayan na rufe shago,
ta hau kujera ta ce a gyara mata.
Na yafa mata ƙyalle, na ɗauki almakashi,
na yi ta yankan iska kusa da kunnenta,
ban taɓa ko ɗaya ba.
Ta dubi madubi, ta juya hagu, ta juya dama,
ta ce na rage da yawa,
ta ƙi biya.